Amfilin Gitar Mai Kwalba: Yadda Ake Aiki da Shi da Yadda Ake Kula da Shi

1. Me ya sa gitar take bukatar amfili?

Kun san gurmi, kun san molo da garaya. Kowannensu yana da ciki, na duma ko na itace, wanda aka rufe da fata. In makaɗi ya taɓa tsirkiya, cikin nan ne yake amsawa, sauti ya fito. Gitar ta lantarki ba haka take ba. Jikinta gungumen katako ne, babu rami a ciki. In aka kaɗa ta ita kaɗai a tsakar gida, wanda yake zaure ba zai ji ba.

Ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai maganaɗisu. An naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi dubbai. In tsirkiya ta yi rawa bisa maganaɗisun, sai wata ƴar wutar lantarki ta tashi cikin wayar. Wutar nan ba ta da ƙarfi. Sau da yawa ba ta kai bolt 1 ba, alhali pil ɗaya na rediyo yana da bolt 1,5. Dole a sami abin da zai ƙara mata ƙarfi har ta iya motsa amsa-kuwwa, wadda wasu ke kira lasifika. Wannan abu shi ne amfili.

Amfili iri biyu ne. Akwai mai taranzisto, shi ne ya fi yawa a kasuwa, ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka. Akwai kuma mai kwalba. In kuka leƙa bayansa za ku ga ƴan kwalabe a tsaye, suna yin ja kamar garwashi. Da Faransanci ana ce musu *lampes*. Shi ne darasinmu na yau.

2. Ɗan tarihi

A shekarar 1904 wani malamin kimiyya na Ingila, John Ambrose Fleming, ya ƙera kwalba ta farko. A 1906 wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya ƙara mata wata ƴar raga a ciki. Ragar nan ce ta ba kwalba ikon ƙara ƙarfin wuta. Shekara da shekaru, da kwalba rediyo da telebijin suke aiki. A 1947 aka gano taranzisto a Amurka. Shi ƙarami ne, ba ya zafi sosai, ba ya fashewa. Sannu a hankali ya kori kwalba daga cikin rediyo.

Amma bai kore ta daga wurin makaɗan gitar ba. A 1946 Leo Fender ya kafa kamfaninsa a garin Fullerton, a jihar Kalifoniya ta Amurka, yana ƙera gitar da amfili. A Ingila kamfanin Vox ya fito da amfilin da ƙungiyar Beatles ta yi suna da shi. A 1962 Jim Marshall ya fara ƙera nasa a Landan, yana koyi da wani amfilin Fender mai suna Bassman. Shahararren makaɗin nan Jimi Hendrix ya yi kiɗi da amfilin Marshall.

Me ya sa makaɗa suke son kwalba? Saboda muryarta. In aka matsa wa amfili mai kwalba, aka ƙure masa ƙara, sautinsa yakan yi kauri da ɗan gurnani mai daɗin ji. Makaɗa da yawa sun fi son wannan gurnani da sauti mai tsabta. Shi ya sa har yanzu ana ƙera kwalabe a ƙasashe kaɗan, kamar Sulobakiya da Rasha da Sin.

A ƙasarmu ma gitar ta lantarki ta sami gindin zama, musamman a Agadas da Tawa da Yamai. Makaɗa irin su Bombino da Mdou Moctar sun kai kiɗan gitar na Nijar har Turai da Amurka. Duk mai kaɗa irin wannan gitar yana bukatar amfili, ko mai taranzisto ko mai kwalba. Mai kwalba yana da tsada, kayan gyaransa daga nesa suke zuwa. In ya lalace, makaɗi ya rasa abin neman abincinsa.

3. Abin da yake cikin kwalba

An zuƙe iskar da take cikin kwalba duka, aka liƙe ta. A ciki akwai muhimman abubuwa huɗu.

Na farko, zare mai ɗumamawa. Shi ne yake yin ja. Sau da yawa bolt 6,3 ake ba shi.

Na biyu, katod. Wani ɗan bututun ƙarfe ne da yake kewaye da zaren. In ya yi zafi, sai ya riƙa sakin ƙananan ƙwayoyin lantarki da ido ba ya gani. Sunansu elektoron.

Na uku, faranti. Ƙarfe ne da yake kewaye da katod. Ana ba shi wuta mai ƙarfi ƙwarai, don ya jawo ƙwayoyin nan zuwa gare shi.

Na huɗu, raga. Tana tsakanin katod da faranti. Nan ne ƴar wutar gitar take shiga.

Ku tuna da gonakin rani na Jiratawa ko na Ƙonni. Ruwa mai yawa yana cikin babbar hanyar ruwa. A bakin ƙaramar hanya akwai ƙofa. Hannu ɗaya ya isa ya ɗaga ƙofar ko ya sauke ta, amma ruwan da yake wucewa ya fi ƙarfin mutum goma. Raga ita ce ƙofar. Ƴar wutar gitar ita ce hannun. In wutar gitar ta hau, ƙwayoyi da yawa su wuce zuwa faranti. In ta sauka, kaɗan su wuce. Ta haka babbar wuta take bin rawar tsirkiya sau da ƙafa, sai dai da ƙarfi ninkin ba ninkin.

4. Hanyar da sauti yake bi

Mu ɗauki misalin wani ƙaramin amfili na Fender mai suna Champ, irin wanda aka ƙera a ƙarshen shekarun 1950. Ƙarfinsa kamar wat 5 ne. Kwalabe uku gare shi.

Ta farko ƙarama ce, lambarta 12AX7, a Turai kuma ECC83. Ita ce take karɓar wutar gitar, ta fara ƙara mata ƙarfi.

Ta biyu ta fi girma, lambarta 6V6. Ita ce kwalbar ƙarfi. Ita take yin aiki mai nauyi, ita ta fi saurin gajiya.

Ta uku lambarta 5Y3. Wutar bango tana kai da komowa ne cikin waya, sau 50 a kowace daƙiƙa a ƙasarmu. Aikin wannan kwalba shi ne ta sa wutar ta bi hanya ɗaya.

Ban da kwalabe akwai taransfo biyu. Babban yana karɓar wutar bango, ya ɗaga ta. Ƙaramin yana tsakanin kwalbar ƙarfi da amsa-kuwwa, yana sauke wutar yadda amsa-kuwwa za ta iya ɗauka. Akwai kuma rumbunan wuta, waɗanda masu gyara suke kira kondansater. Suna tara wuta, suna sake ta daidai wa daida, don kada amfili ya riƙa gunji.

Ku lura da kyau: wutar da take cikin wannan ƙaramin amfili ta wuce bolt 300. A manyan amfili takan kai 450, har 500. Wato ta ninka wutar bango.

5. Yadda ake kunnawa da kashewa

Kwalba ba ta aiki sai ta yi zafi. Saboda haka mai amfili yana bukatar haƙuri. Manyan amfili da yawa, kamar Deluxe Reverb da Fender ya fitar a 1963, suna da makunni biyu. Na farko yana ɗumama kwalabe. Na biyu, makunnin jira, shi yake sakin babbar wuta. Ga yadda ake yi:

1. A duba ko wayar amsa-kuwwa tana jone.
2. A duba ko wutar wurin ta dace da amfilin.
3. A murɗa maɓallin ƙara ya koma sifili.
4. A jona wayar gitar.
5. A kunna makunni na farko, a jira kamar minti ɗaya.
6. A kunna makunnin jira.
7. A ƙara sauti sannu sannu.

In amfili makunni ɗaya gare shi, kamar Champ, sai a kunna a jira. Sauti zai zo da kansa in kwalabe sun ɗumama.

In an gama kiɗi, a mai da ƙara sifili, a kashe, a cire waya daga bango. Kada a ɗauki amfilin nan take. A bar shi ya huce kamar minti goma, domin ƙarafan da suke cikin kwalba mai zafi ba su jure girgiza. Kada kuma a taɓa kwalbar, tana ƙona hannu.

6. Dokoki uku

*Doka ta farko: ba a kunna amfili mai kwalba babu amsa-kuwwa.* In aka kaɗa gitar alhali an cire amsa-kuwwa, ƙarfin da kwalba ta turo ba shi da wurin zuwa. Sai wuta ta yi tsalle cikin ƙaramin taransfo, ta ƙone shi. Taransfon nan yana cikin kayan da suka fi tsada a amfili. Kuma kowace amsa-kuwwa tana da awonta, ana ƙirga shi da om: 4, ko 8, ko 16. An rubuta awon da amfili yake so a bayansa. In ya ce om 8, a ba shi mai om 8.

*Doka ta biyu: a san ƙarfin wutar wuri.* Wutar gida a Nijar bolt 220 ce. A Amurka 120 ce. Amfilin da aka ƙera don Amurka, in aka jona shi kai tsaye a bangonmu, zai ƙone. Sai an sa masa taransfon da yake sauke wuta. A karanta abin da aka rubuta kusa da wayarsa tukuna. In da gurup ake aiki, wato injin ba da wuta, a tayar da shi, a bari muryarsa ta daidaita, sannan a jona amfili. In za a tashi, amfili ake fara kashewa, gurup daga baya.

*Doka ta uku: ba a yi wa fizibil dabara.* Fizibil wata ƴar siririyar waya ce cikin ɗan gilashi. In wuta ta yi yawa sai ta tsinke, amfili ya tsira. Wasu sukan naɗe fizibil da takardar kwalin taba mai ƙyalli, ko su sa guntun waya a madadinsa. Wannan ganganci ne. Kamar a kori mai gadi ne a bar ƙofa buɗe. A sa sabo mai lamba iri ɗaya da tsohon. In shi ma ya tsinke, akwai ciwo a ciki, sai a kai wa mai gyara.

7. Zafi, ƙura da laima

An ƙera yawancin waɗannan amfili a ƙasashe masu sanyi. A nan kuwa, a watan Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Amfilin kuma yana da nasa zafin. Don haka a ajiye shi a inuwa. A bar tazarar taƙi ɗaya ko biyu tsakaninsa da bango, don iska ta shiga bayansa. Kada a rufe shi da zane yana kunne.

Da hunturu ƙura takan shiga ko'ina. In ta shiga maɓallan murɗawa, sai a ji ƙarar ƙaraf ƙaraf duk lokacin da aka murɗa. In amfili ya huce, a share jikinsa da busasshen tsumma, a lulluɓe shi.

Da damina a ɗora shi bisa tebur ko benci, kada a bar shi a ƙasa. Kada a kunna shi inda ruwa yake zuba. Kada a ɗora masa kofin shayi ko kwanon ruwa. In ya daɗe a ajiye, ɓera yakan ci waya, kyankyaso da zanzaro sukan yi gida a ciki. Yana da kyau a riƙa kunna shi lokaci lokaci.

In za a kai shi wurin biki a mota ko a amalanke, a shimfiɗa masa katifa ko bargo. Kwalba gilashi ce.

8. Alamomin ciwo

Kwalba tana tsufa. Kwalaben ƙarfi sukan gaji bayan shekara ɗaya ko biyu in kullum ana kiɗi da su. Ƙananan sukan yi shekaru da yawa. Ga alamomin da mai amfili zai lura da su daga waje:

- A jikin kwalba mai lafiya akwai tabo mai ƙyalli kamar madubi. In tabon ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, kwalba ta mutu.
- Zare ne kaɗai ya kamata ya yi ja. In farantin kansa ya yi ja, a kashe amfili nan da nan.
- In amfili yana fito shi kaɗai, ko yana amsawa in an ƙwanƙwasa akwatinsa, wata ƙaramar kwalba ta saki.
- In yana gunji mai ƙarfi ko ba a kaɗa ba, mai yiwuwa rumbunan wuta sun tsufa.
- In aka ji ƙauri ko aka ga hayaƙi, a cire waya daga bango.

Sauya kwalaben ƙarfi aikin mai gyara ne. Inda suke aiki biyu biyu, tare ake sauya su, a sa masu ƙarfi ɗaya. A amfili da yawa kuma, sai mai gyara ya auna ya daidaita wutar da take ratsa sababbin.

9. Wutar da take kwana a ciki

Ga irin hirar da akan ji a shagon gyara, tsakanin mai gyara da yaronsa:

— Maigida, na cire waya daga bango. In buɗe shi?

— Kul! Aje sukurdireban nan.

— Ai babu wuta, Maigida. Tun jiya yake kashe.

— In aka rufe famfo, randa takan zama wofi nan take?

— A'a, Maigida. Ruwan da ta tara yana nan.

— To, haka rumbun wuta yake, ɗana. Sai na zubar da wutar da ya tara, na auna na ga sifili, sannan hannu ya shiga.

Gaskiyar mai gyara. Rumbun wuta yana iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an kashe amfili, wani lokaci awoyi, wani lokaci har kwanaki. Wutar nan ba ta da haske, ba ta da ƙara, ba ta da wari. In ta ratsa ƙirjin mutum tana iya tsayar da zuciyarsa. Saboda haka ba a kwance amfili mai kwalba a gida. Yaro ba ya sa hannu ko ƙarfe a bayansa, ko yana kunne ko yana kashe.

Akwai wani haɗari kuma. Tsirkiyoyin gitar a haɗe suke da ƙarfen amfili ta hanyar wayar gitar. In wuta ta zube a jikin ƙarfen, za ta bi waya ta iske hannun makaɗi. Maganin wannan shi ne waya ta uku, wayar ƙasa, wadda take kwashe wutar da ta zube ta kai ta ƙasa. Kada a yanke ta, kada a karya ƙafarta. Tsofaffin amfili masu waya biyu kawai, a kai su a sa musu ta uku. A 1972, a garin Swansea na Birtaniya, wani makaɗin gitar mai suna Leslie Harvey ya taɓa makirfon da ba a haɗa da ƙasa daidai ba. Wuta ta kama shi a gaban ƴan kallo, ya mutu. Don haka ba a kaɗa gitar ta lantarki da jiƙaƙƙen hannu, ko ƙafa ba takalmi bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa. In makaɗi ya ji ɗan tsunkuli a yatsa ko a leɓe, ya daina, a duba wayoyi.

In wuta ta kama mutum a gabanku, kada ku taɓa shi da hannu, ku ma za ta kama ku. Ku kashe wuta daga tushe, ko ku cire waya daga bango. In ba hali, ku ture wayar da busasshen itace. Ku kira manya, a kai shi likita ko da ya ce ya warke. Rigakafi ya fi magani.

Abin tunawa

Amfili mai kwalba da zafi da babbar wuta yake aiki. A ba shi lokaci ya ɗumama, a ba shi lokaci ya huce. A ba shi iska da inuwa. Kada a raba shi da amsa-kuwwarsa. Cikinsa na mai gyara ne kaɗai.

Kalmomi

- *amfili*: na'urar da take ƙara wa sauti ƙarfi.
- *bolt*: awon ƙarfin turawar wutar lantarki.
- *wat*: awon aikin da wuta take yi.
- *om*: awon yadda abu yake tare wa wuta hanya.
- *taransfo*: abin da yake ɗaga wuta ko ya sauke ta.
- *taƙi*: tsawon hannu buɗe, daga babban yatsa zuwa na tsakiya.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta gurmi da gitar ta lantarki?
2. Ku faɗi abubuwa huɗu da suke cikin kwalba.
3. Da me aka kwatanta raga? Me ya sa?
4. Me zai faru in aka kaɗa gitar alhali an cire amsa-kuwwa?
5. Me ya sa amfilin da aka kashe tun jiya yake da haɗari?
6. Me za ku yi in wuta ta kama wani a gabanku?

Lissafi

1. Pil ɗaya yana da bolt 1,5. Pil nawa za a jera kafin a sami bolt 450?
2. In aka jera amsa-kuwwa biyu masu awo ɗaya, wuta ta ratsa ta farko sannan ta biyu, ana tara awonsu. In kuwa aka ba kowace hanyarta, ana raba awon guda ɗaya gida biyu. Kuna da biyu masu om 8. Om nawa za ku samu ta hanyar farko? Nawa ta hanya ta biyu?
3. Shekara nawa tsakanin kwalbar Fleming da gano taranzisto?

Aiki

1. Ku zana kwalba cikin littafinku, ku rubuta sunan kowane sashe.
2. Ku rubuta dokoki uku na amfili da Hausa, sannan ku mai da su Faransanci.
3. Tare da malaminku, ku ziyarci mai gyaran rediyo na garinku. Ku tambaye shi yadda yake kiyaye kansa daga wuta. Ku rubuta amsarsa cikin layi biyar.